Wane ɓangare na Ƙal'ar Alƙahira ne Salahuddini ya gina?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Azhar ya aiko da tambaya. Ya ce ya hau Ƙal'ar Alƙahira, wato babbar kagarar da ke kan tudu, wadda kowa ke jingina wa Salahuddini al-Ayyubi, amma abin da ya fi cika masa ido a can shi ne babban masallaci mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi irin na Istanbul, kuma da ya tambaya aka ce masa na Muhammadu Ali ne, wanda ya mulki Masar a ƙarni na 19. Yana son ya san abin da Salahuddini ya gina da gaske, da yadda aka tsara tsaron wurin, da kuma yadda masu bincike ke bambanta aikin wani zamani da na wani.

Ɗan'uwa, shakkarka tana kan hanya. Masallacin da ka gani an fara shi ne a 1830, fiye da shekara 600 bayan rasuwar Salahuddini, kuma kusan duk abin da mai ziyara ke fara cin karo da shi a farfajiyar kudu aikin ƙarni na 19 ne. Aikin Salahuddini yana nan, amma yana jikin ganuwa da hasumiyoyin farfajiyar arewa, da wata ƙofa da aka ɓoye a bayan wata, da wata rijiya. Kafin mu kai gare su, dole ne mu fara daga garin da ya tarar, domin Ƙal'a ba a ƙirƙire ta don ta tsaya ita kaɗai ba.

A shekarar 969 ne Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, wato daular halifofin Shi'a, ya kafa Alƙahira a arewa da tsohon garin Fustat, ya kewaye ta da ganuwar tubalin ƙasa. Wanda ya san ganuwar Kano ba zai raina wannan ba, domin masanin tarihi al-Maƙrizi, wanda ya ga ragowarta a wajejen 1400, ya ce faɗinta ya isa mahaya biyu su jera a kai. Alƙahira ta wancan lokaci birnin sarauta ne, na halifa da fadawansa da dakarunsa, talakawa da 'yan kasuwa da masu sana'a kuwa suna Fustat, wadda ba ta da ganuwa. Daga 1087 zuwa 1092 waziri Badar al-Jamali, wanda asalinsa Ba'armeniye ne, ya faɗaɗa ganuwar, ya gina ƙofofin dutse uku da har yau suke tsaye: Babun Nasr da Babul Futuh a arewa, da Bab Zuwaila a kudu. Idan ka tsaya a gabansu ka lura, za ka ga wasu da'irori a jere a jikin bango. Kawunan ginshiƙai ne da aka kwantar a cikin kaurin ginin kamar ƙusoshi, don su riƙe shi ko da abokan gaba sun haƙe ƙarƙashin harsashi. A wasu sassa na bangon arewa kuma akwai duwatsu masu zanen zamanin Fir'aunoni, waɗanda aka kwaso daga tsofaffin kufai.

A 1168 Amalrik, sarkin Salibiyyawa, wato mayaƙan Kiristocin Turai da ke riƙe da Ƙudus, ya shigo Masar da runduna. Waziri Shawar ya ga ba shi da hanyar kare Fustat, sai ya ba da umarni a cinna mata wuta don kada ta zama sansanin abokan gaba. Salahuddini ya zama waziri a shekara mai zuwa, 1169, bayan rasuwar baffansa Shirkuh, kuma a cikin shekarar ya yi ƙazamin yaƙi da dakarun Faɗimiyyawa a cikin titunan Alƙahira. A 1171 ya kawo ƙarshen halifancinsu, a 1174 kuma aka tona wata maƙarƙashiya ta mayar da su kan mulki. To, mutumin da ya ga waɗannan abubuwa a cikin shekara shida yana da tsoro biyu, na waje da na gida. Ni a ganina na gida ya fi nauyi wajen zaɓen wurin Ƙal'a. Baƙo ne Bakurde, Ahlussunna, da dakaru baƙi, yana zaune a tsakiyar birnin da daular da ya rushe ta gina wa kanta. A ƙasar Sham inda ya tashi, kowane babban gari, Halab ko Dimashƙa, yana da ƙal'arsa inda mai mulki ke zama da sojansa daban da jama'a, Alƙahira kuwa ba ta da ita.

Saboda haka a 1176 ya ba da umarnin aiki biyu a haɗe. Na farko ganuwar dutse guda ɗaya da za ta taso daga bakin Kogin Nilu a al-Maƙs a arewa, ta rungumi Alƙahira, ta gangara ta haɗa da Fustat, ta koma kogi a kudu, tafiyar kusan kilomita 20. Na biyu Ƙal'a a tsakiyar wannan baka, a kan wani hancin dutse da ya fito daga tsaunin Muƙaɗɗam, inda mutum ke hango garuruwan biyu a ƙarƙashinsa. Ya ɗora aikin a kan Baha'uddini Ƙaraƙush. Matsalar wurin ita ce a gabas yana haɗe da tsaunin, kuma tsaunin ya fi shi tsawo. Maganin da suka yi shi ne sare dutsen, suka yanke hancin daga uwar tsaunin da gwalalo mai zurfi, duwatsun da suka fito kuma suka shiga gini. An ƙara da wasu da aka rushe daga ƙananan dala na Giza. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya wuce ta wurin a 1183, ya ba da labarin fursunonin yaƙi na Faranjawa masu ɗimbin yawa suna sassaƙar duwatsu suna haƙar gwalalon. Salahuddini kansa ya bar Masar a 1182 bai sake komawa ba, ya rasu a Dimashƙa a 1193, don haka bai taɓa mai da Ƙal'a mazauninsa ba. Ɗan ɗan'uwansa al-Kamil ne ya tare a cikinta a wajejen 1207, daga nan ta zama gidan mulkin Masar har zamanin Khedewi Isma'il, wanda ya sauka zuwa fadar Abidin a shekarun 1870.

Tsarin wurin kashi uku ne. Akwai farfajiyar arewa, wadda ita ce kagarar yaƙi ta ainihi, tsawonta kusan mita 560, faɗinta ya ɗara mita 300. Akwai farfajiyar kudu, wadda ta zama wurin fadoji, inda masallacin Muhammadu Ali yake a yau. Sai kuma farfajiyar ƙasa a gindin tudun ta yamma, wurin bargar dawakin sarki, mai buɗewa ga filin Rumaila. Tsakanin arewa da kudu akwai bango da ƙofa, Babul Ƙulla, wato ko a cikin Ƙal'a ba a bar soja ya ratsa zuwa wurin sarki kai tsaye ba.

Farfajiyar arewa ita ce ya kamata ka ba lokaci, kuma daga waje ake fara karanta ta. Idan ka bi titin Salah Salim ka ɗaga kai, za ka ga bango iri biyu. Iri na farko duwatsunsa matsakaita ne, an goge fuskarsu sumul, bangon ya kai kimanin mita 10 a tsawo da mita 3 a kauri, kuma jifa-jifa ƙananan hasumiyoyi masu siffar rabin da'ira suna fitowa daga jikinsa. Wannan shi ne na Salahuddini. Amfanin hasumiyar da ta ɓullo waje shi ne maharbin da ke cikinta yana ganin gindin bango ta dama da hagu, don haka wanda ya jingina tsani ko ya zo haƙa ba shi da maɓoya. A cikin kaurin bangon kuma akwai rariya rufaffiya da ɗakuna masu rufin bakan gizo, kowanne da tsagar harbi mai faɗi daga ciki, ƙunci daga waje. Wannan na nufin ana harbi daga hawa biyu, daga kan badala da kuma daga cikin bango, kuma dakaru na iya zirga-zirga daga hasumiya zuwa hasumiya ba tare da kibiya ta same su ba.

Iri na biyu ba ya ɓuya. Manya-manyan hasumiyoyi ne, wasu masu kusurwa huɗu kamar Burjul Ɗurfa, wanda kowane gefensa ya kai wajen mita 30, da Burj Kirkilyan da Burjus Suffa, kuma duwatsunsu manya ne, an sassaƙe gefunansu an bar tsakiyar da tozo. Waɗannan na zamanin al-Adil, ƙanin Salahuddini, da ɗansa al-Kamil ne, a farkon ƙarni na 13. Kowace hasumiya a cikinsu kagara ce mai cin gashin kanta, da hawa-hawa da ɗakuna da rumbuna, ta yadda ko an ci bango masu tsaronta za su iya rufe ƙofa su ci gaba da yaƙi. Al-Adil ya yi irin wannan a ƙal'ar Dimashƙa a cikin shekarun. Masana da yawa suna danganta wannan sauyi da bunƙasar manjaniƙ, majaujawar yaƙi mai jefa manyan duwatsu, musamman irin mai aiki da nauyin da aka rataya mata, wadda ta yaɗu a wannan zamani: bango na bukatar kauri, masu tsaro kuma na bukatar rufi mai faɗi da za su kafa tasu majaujawar. Na yarda da wannan, amma ina ƙara cewa 'ya'yan gidan Ayyub sun yi ta jayayyar gado bayan 1193, kuma hasumiyar da ake hangowa daga nesa sanarwa ce ga 'yan'uwa da talakawa cewa ga mai iko.

Ka tambayi yadda ake sanin wanne ya riga wanne. Hanyar ba ta da wani sirri, irin duban da tsohon magini ke yi wa gida ne ya ce wannan ɗaki ƙari ne. Ana duba inda bango biyu suka haɗu: idan duwatsunsu sun sarƙu da juna, tare aka gina su, idan kuwa ɗaya ya jingina da ɗaya ne kawai da tsaga miƙaƙƙiya a tsakani, wanda ya jingina shi ne na baya. Ana duba girman dutse da yadda aka sassaƙe shi, da siffar tsagar harbi, da irin rufin. Baturen Ingila K. A. C. Creswell, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen Musulunci a Masar a farkon rabin ƙarni na 20, shi ya fara bin wannan bango hasumiya bayan hasumiya da wannan ido. Misalin da ya fi gamsar da ni yana kusurwar gabas, inda Burjur Ramla da Burjul Haddad suke tsaron mashigar da ke tsakanin Ƙal'a da Muƙaɗɗam. Daga waje manyan hasumiyoyi ne kewayayyu masu duwatsun tozo. Idan ka shiga ciki sai ka tarar da ƙaramar hasumiyar Salahuddini tana nan cif a tsakiya, an yi mata riga da sabuwa, kuma tsagogin harbinta na dā an fasa su an mai da su ƙofofin shiga sababbin ɗakunan da aka kewaye ta da su. Babu mai gina tsagar harbi tana kallon cikin ɗaki. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ta ciki ta riga ta waje, ko da babu rubutu ko ɗaya.

Rubutun ma akwai shi. A kan Babul Mudarraj, wato ƙofar matakala, akwai allon marmara da ke ɗauke da sunan Salahuddini da na ɗan'uwansa al-Adil da na Ƙaraƙush, da shekarar 579 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1183 zuwa 1184. An rubuta shi da salon rubutun nasahi maimakon kufi da Faɗimiyyawa suka saba. Ita ce babbar ƙofar Ƙal'a daga wajen gari, ana hawa zuwa gare ta ta matakalar da aka sassaƙa a dutse, kuma an yi ta da lanƙwasa: wanda ya shiga ba zai miƙe ba, sai ya juya a cikin zaure kafin ya fita farfajiya. Hikimar ita ce dawaki ba za su iya shigowa da sukuwa ba, masu ɗauke da gungumen fasa ƙofa kuma ba za su sami filin ja da baya ba. Yawancin masu ziyara ba sa ganin wannan ƙofa, domin a shekarun 1820 Muhammadu Ali ya gina Babul Jadid a gabanta don keken doki ya iya hawa, sabuwar ta rufe tsohuwar.

Sai rijiya, wadda a wurina ita ce aikin da ya fi ban mamaki a Ƙal'a duka. Kagarar da ke kan tudu ba ta da amfani idan ƙishirwa za ta fitar da mutanenta cikin mako guda. Ƙaraƙush ya sa aka haƙa dutse tsantsa kusan mita 90 har aka cim ma ruwa. Rijiyar hawa biyu ce. Ta sama mai faɗi ce, an sassaƙa wata hanya mai gangara tana kewaya ta, da tagogi masu shigo da haske daga cikin ramin, har dabba na iya sauka. A tsakiya akwai ɗaki inda shanu ke juya saƙiya, wato dabaran katako mai jan igiya da jerin tuluna, ta ɗebo ruwa daga rijiyar ƙasa ta zuba a kwatarniya, wata saƙiyar a sama kuma ta ɗauke shi daga nan. Ana kiranta Bi'ir Yusuf, kuma mutane da yawa suna ɗauka Annabi Yusuf, alaihis salam, ake nufi, alhali Yusuf sunan yanka ne na Salahuddini. Wani abin lura shi ne rijiyar tana farfajiyar kudu ne, bayan masallacin Sultan an-Nasir Muhammad. Tunda ba a haƙa irin wannan rijiya a bar ta a wajen ganuwa, masu bincike na baya, irin su Nasser Rabbat, sun kafa hujja da ita cewa wani sashe na kudu yana cikin tsarin tun farko, ba ƙarin da aka yi daga baya ba ne gaba ɗayansa. Da jama'ar Ƙal'a suka yawaita a zamanin Mamalik, daular da ta gaji gidan Ayyub, rijiyar ta kasa, sai aka jawo ruwan Nilu ta doguwar gada mai bakuna, wadda an-Nasir Muhammad ya gina, Sultan al-Ghuri kuma ya sabunta a farkon ƙarni na 16.

Farfajiyar kudu ita ce ta fi wahalar da masu haƙar tarihi, domin kowane mai mulki ya rushe na wanda ya gabace shi ya ɗora nasa. An-Nasir Muhammad ya gina masallacinsa a 1318, ya sake shi a 1335, kuma shi kaɗai ya tsira cikakke daga gine-ginen Mamalik a nan. Ƙasrul Ablaƙ, fadarsa mai jerin duwatsu baƙi da rawaya, da babban zauren shari'a mai ginshiƙan jan dutse, duk sun tafi. An-Nasir ɗin nan ne Mansa Musa na Mali ya hau Ƙal'a ya gana da shi a 1324 a hanyarsa ta aikin Hajji. Masanan da suka zo da Napoleon sun tarar da zauren shari'ar yana tsaye ba rufi, suka zana shi, kuma zanensu ne babbar shaidar kamanninsa a yau, domin Muhammadu Ali ya rushe shi a 1825, ya cike kufan da ƙasa, ya ɗaga dandalin da ya kafa masallacinsa a kai. Abin da kake takawa a can rufin wani zamani ne. A 1985 aka haƙa kusa da dandalin, aka tarar da wani zaure mai ragowar ado na 'yan ƙananan duwatsu da gilasai a bango, mita da yawa ƙasa da inda ake tafiya yanzu. Da farko an ɗauka Ƙasrul Ablaƙ ne, daga baya aka fi karkata ga cewa zauren Sultan al-Ashraf Khalil ne na 1292. Haka kuma a ƙarƙashin gidan tarihin 'yan sanda aka gano hasumiyar Sultan Baibars mai jerin zakuna a sassaƙe, waɗanda su ne tambarinsa.

Salibiyyawan da aka ji tsoro ba su taɓa kai wa wannan bango hari ba. Yaƙe-yaƙen da Ƙal'a ta gani kusan duk na gida ne. Masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356 a daidai gabanta, yana da tsawon da 'yan tawaye suka riƙa hawa rufinsa suna jifan Ƙal'a, har Sultan Barƙuƙ ya sa aka rushe matakalarsa aka toshe ƙofarsa a 1391. Da igwa ta zo kuma, gwalalon Ƙaraƙush ya daina amfani, domin wanda ya kafa igwa a kan Muƙaɗɗam yana kallon cikin farfajiya. Da haka aka matsa wa gwamna Khurshid Pasha a 1805, kuma Muhammadu Ali, wanda ya ci moriyar wannan rauni, ya gina tasa kagarar a kan tsaunin don kada a yi masa irinsa. A 1811, a ƙuntatacciyar hanyar da ke gangarawa zuwa Babul Azab, ya rufe ƙofa a kan shugabannin Mamalik aka harbe su daga saman bango.

Game da doguwar ganuwar gari kuwa, ba a taɓa kammala ta ba, kuma har kwanan baya an ɗauka yawancin sashenta na gabas ya salwanta. Abin da ya faru shi ne tun zamanin Mamalik mutanen gari suka riƙa zubar da shara da ɓaraguzai a bayanta, shekara wajen 500, har jujin Darrasa ya zama tuddai ya haɗiye ta. Da gidauniyar Aga Khan ta fara gyara wurin don yin lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005, sai aka tono kusan kilomita ɗaya da rabi na ganuwar Ayyubawa da hasumiyoyinta da ƙofofinta, irin su Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ, wani wurin a ƙarƙashin shara mai zurfin mita 15. Sharar da ta binne ta ita ta hana a kwashe duwatsunta. Siffarta kuma ɗaya ce da ta tsohon bangon Ƙal'a, dutse sumul, hasumiyoyi rabin da'ira, ɗakunan harbi a cikin kauri da ƙofa mai lanƙwasa, abin da ke tabbatar da cewa shiri ɗaya ne. Haƙar da Stéphane Pradines da abokan aikinsa suka yi a wannan gefe ta kuma nuna ragowar ganuwar Badar al-Jamali 'yan mitoci a bayan ta Salahuddini, kuma a nan ta tubalin ƙasa ce, ba ta dutse ba kamar yadda ƙofofinsa uku ke sa mutum ya zata.

Tunda kana Azhar, wannan bango yana kusa da kai ƙwarai, tafiyar ƙafa ce. Shawarata ka fara da shi, ka shiga ɗaya daga cikin ɗakunan harbin ka leƙa ta tsagar, ka riƙe siffar dutsen a idonka. Daga nan ka koma Ƙal'a, ka wuce masallacin Muhammadu Ali ka bi ta Babul Ƙulla zuwa farfajiyar arewa, ka wuce masallacin Sulaiman Pasha na 1528, ka nufi kusurwar gabas inda Burjur Ramla da Burjul Haddad suke. Idan ka sami ƙofarsu a buɗe, ka nemi inda dutse mai santsi ya haɗu da mai tozo.